Kwara, kogin da ke cika sau biyu a shekara

Wanda ya tsaya a kan gadar Kennedy ta birnin Yamai a tsakiyar watan Janairu ya leƙa ƙasa, zai ga abin da ke ɗaure kai. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, rabon ƙasar da ɗigon ruwan sama tun farkon Oktoba, ciyawar tudu ta bushe ƙayau. Amma kogin da ke ƙarƙashin gadar cike yake maƙil, yana tafiya a natse, ya hau gaɓa har ya shiga fadamun shinkafa. Ruwan kuma garau yake, mai duhu-duhu, ya sha bamban da jan ruwan nan mai kauri na watan Agusta.

Ranar da na fara ganin haka na gangara bakin ruwa, na tarar da wani dattijo yana toshe ɓular kwale-kwalensa da tsumma da kwalta. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ina aka yi ruwan sama haka, kogi ya cika a cikin sanyin nan?" Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Yaro, wannan ai baƙon ruwa ne. Tun damina ya taso, sai yanzu Allah ya kawo shi." Ya kamfato shi a tafin hannu ya nuna mini, ana ganin zanen hannunsa ta cikin ruwan. Ya ce in na dawo da damina in gwada, ko yatsana ba zan gani ba.

Maganar dattijon ta yi daidai da abin da ma'aunan ruwa suka daɗe suna nunawa. Kwara, wanda takardun boko ke kira Neja, yana cika sau biyu a shekara a tsakanin Tilaberi da Kainji. Cikar farko ta ruwan gida ce, tana zuwa a Agusta da Satumba, ja wur da laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ruwan sama ne da ya sauka a ƙasar Gini wata huɗu ko biyar da suka wuce. Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci nazari shi ne, a 'yan shekarun nan cikar farko sai ƙara ƙarfi take yi har tana cin gidaje, ta biyun kuwa, wadda noman rani da su da wutar lantarki suka dogara da ita, ana ta gutsurar ta tun daga sama. Dukansu biyu ba za su fahimtu ba sai an bi hanyar kogin daga tsauni zuwa teku.

Kogin da ya ba teku baya

Mafarin Kwara yana cikin tsaunukan kudancin Gini, dab da iyakar Saliyo, a wani kwari kusa da Tembakunda, wurin da tsayinsa ya kai kimanin mita 850 a kan teku. Daga nan zuwa Tekun Atilantika kilomita 240 ne kacal, kamar dai daga Kano zuwa Kaduna. Da ruwan ya gangara ta ɗaya fuskar tsaunin, da cikin 'yan kwanaki ya faɗa teku, babu wanda zai san da zamansa sai mutanen gaɓarsa. Sai dai gangaren wannan fuskar arewa maso gabas ya nufa, cikin nahiyar, wajen Sahara. Haka ya sa kogin ya ɗauki doguwar hanya ta kusan kilomita 4,200 kafin ya ga tekun da ya baro a bayansa, ya zama na uku a tsawo a Afirka bayan Nilu da Kwango.

A waɗannan tsaunuka ruwan sama yakan kai milimita 2,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Kogin yana ratsa Farana da Kurusa da Sigiri, yana karɓar rassa: Niyandan, da Milo mai bi ta Kankan, da Tinkiso mai saukowa daga Futa Jalo, sai Sankarani da ke haɗuwa da shi bayan ya shiga Mali. Kafin ya isa Bamako ya zama ƙasaitaccen kogi, Mandinkawa suna kiransa Joliba. Da yake duwatsun yankin tsofaffi ne masu tauri, ba ya kwaso laka mai yawa.

Abin lura a nan shi ne, kusan duk ruwan da kogin zai ratsa Sahel da shi a wannan yankin yake tara shi. Ƙari ɗaya mai muhimmanci da zai samu shi ne kogin Bani, wanda rassansa ke tasowa daga arewacin Kwaddebuwa, yake bi ta kusa da Jenne ya same shi a Mofti. Daga Mofti sai ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 babu wani reshe na kirki da ke zuba masa ko kofi guda. Guzurin da ya ɗauko daga Gini shi zai ci har ya fita daga hamada.

Fadamar da ke riƙe ruwa wata uku

Bayan Segu da Markala ƙasa takan baje ta zama kamar faifai. A tafiyar kusan kilomita 400 zuwa wajen Tambutu, gangaren bai fi mita 10 ba. Ruwan da ya sauko daga tsauni da gudu sai ya rasa inda zai nufa, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan ƙoramu da tafkuna, irin su Tafkin Debo, ya malale a kan fili iyakar ganin ido. Wannan ita ce babbar fadamar tsakiyar Mali, wadda zan kira fadamar Masina da sunan yankinta mafi shahara. Girmanta yana bin ƙarfin daminar Gini. A shekarun 1950, lokacin wadatar ruwa, filin da ruwa ke shafewa ya haura murabba'in kilomita 30,000. A 1984, shekarar babban fari, ko 10,000 bai kai ba.

Abu uku fadamar ke yi wa kogin, kuma su ne asalin baƙin ruwa. Tana jinkirta shi: cikar da ke kai ƙololuwa a Kulikoro cikin Satumba ba ta kaiwa Mofti sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, ba ta fita ta wajen Dire da Tambutu sai Disamba. Tana tace shi: ruwa na tafiya a hankali cikin ciyawa, ɗan lakar da ya ɗauko sai ta kwanta, ya fito fes. Tana kuma karɓar ladanta, domin wajen kashi 40 cikin 100 na ruwan da ya shiga ba ya fita, rana da iska sun ɗauke wani, ƙasa ta shanye wani. Akwai wani abin mamaki ma: shekarar da cikar ta fi girma ita ce shekarar da ta fi makara, saboda ruwan ya fi bazuwa, ya fi daɗewa kafin ya tattaro kansa. In baƙin ruwa ya kai ƙololuwa a Yamai tun Disamba, alama ce ta ƙaramar cika. In ya kai ƙarshen Janairu ko Fabrairu, Gini ta sha ruwa sosai.

Injiniya mai lissafin ruwa zai iya kallon wancan kashi 40 ya kira shi asara. Ni ban yarda da wannan kallo ba, kuma duk wanda ya san abin da ke cikin fadamar ba zai yarda ba. Mutane fiye da miliyan 1 ne ke rayuwa a kan hawa da saukar wannan ruwa. Lokacin da yake hawa, kifi na bazuwa cikin ciyawa yana hayayyafa, manoma na noma wata irin shinkafa mai doguwar kara da ke bin ruwa tana tsawo yadda kanta ba ya nutsewa. Lokacin da ya fara janyewa, masuntan Bozo da Somono na tare bakin ƙoramu suna kama kifin da ke komawa kogi, a busar a ƙyafe a kai kasuwar Mofti. Daga nan sai burugu ya bayyana, ciyawar nan mai zaƙi da ke tsirowa cikin zurfin ruwa, Fulani su dawo da garkunansu daga tudu. Ƙetarewar shanu a Jafarabe biki ne da ake jira duk shekara, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2005.

Fili ɗaya ne, amma masunci da manomi da makiyayi kowa da watansa. Shehu Ahmadu na Masina, wanda ya kafa daularsa a 1818 ya zauna a Hamdullahi, ya tsara wannan rabo da doka: wace garke ce za ta fara shiga, ta wace hanya, a hannun wane jauro, wato mai kula da filin kiwo. Tsarin ya rayu bayan daular ta faɗi. Amma in ruwa ya ragu fili ya tsuke, watannin sai su hau kan juna, manomi ya shuka inda da burugu ne, makiyayi ya iso kafin a girbe. Rikicin da ya addabi tsakiyar Mali tun 2015 yana da dalilai da yawa, takaddamar fili da ruwa tana cikinsu.

Gwiwar kogi

A wajen Tambutu, inda ruwan sama ba ya kai milimita 200 a shekara, kogin yana tafiya gabas ne da tuddan rairayi a gefensa. Sai ya matse ya ratsa wata ƙuntatacciyar mashiga ta dutse a Tosaye, ya karya kwana a wajen Burem ya fuskanci kudu maso gabas, ya bi ta Gawo da Ansongo ya shiga Nijar a kusa da Labezanga. Masana ƙasa suna ganin asali koguna biyu ne. Na sama yana ƙarewa ne a wani babban tafki a arewacin Tambutu, wanda ya ƙafe tuntuni. Na ƙasa kuwa yana tasowa daga tsaunukan Sahara lokacin da take da ruwa da ciyawa. Daga baya ruwan na sama ya tumbatsa ya ƙetare dutsen Tosaye ya faɗa cikin na ƙasa, suka zama ɗaya. Shaidar tsofaffin rassan tana nan: Dallol Boso da Dallol Mauri, manyan kwaruruka ne da ba sa gudu yanzu, amma ruwa na kusa a ƙarƙashinsu. Mutanen Dogon Dutsi da ƙasar Arewa a kan tsohuwar hanyar kogi suke haƙa rijiyoyinsu.

Wannan lanƙwasa ce ta rikita marubutan nesa shekaru aru-aru. Ibn Baɗuɗa da ya gan shi a ƙarni na 14 Nilu ya kira shi. Wasu sun rubuta cewa yamma yake gudu. Mungo Park ya iso Segu a 1796 ya ga gabas ya nufa, ya dawo don ya bi shi zuwa ƙarshe, ya halaka a duwatsun Busa a 1806. Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 da tambayar inda kogin ya nufa a bakinsa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa taswira. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi a kwale-kwale daga ƙasar Busa har teku. Mutanen gaɓa kuwa kowa ya san nasa yankin sarai, da sunan da yake kiransa: Isa Beri a bakin Zabarmawa da Sanwai, Kwara a bakinmu, Oya a wurin Yarabawa, Orimili a wurin Ibo. Sorko, masuntan daular Sanwai, sun gangaro da jiragensu har Kabi da Yawuri, jikokinsu ne Sarkawan da muka sani.

Jan ruwa

Daga Ayoru zuwa Yamai kogin yana sake samun rassa, duka daga hannun dama, daga ƙasar Liptako da gabashin Burkina Faso: Goruwal, Dargol da Sirba. Da rani busassu ne, yara na wasa a cikin yashinsu. Da damina kuwa, in aka kwana ana ruwa, sukan taso da ƙarfi ɗauke da jar ƙasa. Sirba, mafi girma a cikinsu, yana haɗuwa da Kwara 'yan kilomitoci goma-goma sama da Yamai, ruwansa kan iso birnin cikin kwana ɗaya ko biyu. Baƙin ruwa ana ganin tahowarsa tun watanni, ana bin sa a ma'aunan Mofti da Dire da Ansongo. Jan ruwa ba ya sallama.

A da jan ruwa ƙaramin ƙane ne, ɗan tudu kawai a kan ma'auni kafin babban ya iso. Yanzu lamarin ya juye. A 2010 da 2012 ya zarce baƙin ruwa nesa ba kusa ba, ya shiga unguwannin gaɓa. A Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, alhali tun daga 620 ake shelar babban haɗari. Shingen ƙasa da aka yi don kare hannun dama ya ɓalle, ruwa ya mamaye Lamorde da maƙwabtanta, gonakin shinkafar Saga suka nutse, gidajen laka suka narke kamar gishiri, dubban iyalai suka koma makarantu da tantuna.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne, rassan nan sun fara ƙara ruwa tun a shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da ruwan sama ke raguwa. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafa. An sare daji don itace da gona, an daina barin saura ta huta, dabbobi sun tattake abin da ya rage, ƙasa ta zama fako. Duk manomi ya san fako: ka zuba masa ruwa ya gangare kamar a kan siminti, ka sara da fartanya ta yi tsalle. Ruwan da a da zai nutse ya ciyar da rijiya da saiwa, yanzu gudu yake ya shiga kwazazzabo, ya kwashi yashi ya kai kogi. Yashin kuma ya cike cikin kogin, ya rage masa zurfi, ya sa ƙaramin ruwa ma ya hau gaɓa. Da ruwan sama ya dawo daga shekarun 1990, kuma yana zuwa da ƙarfi a 'yan sa'o'i, sai ya tarar da ƙasar da ba ta iya sha. A gefe guda birnin ya faɗaɗa, talaka ya sami fili mai arha a cikin fadamar da fari ya busar, ya gina, bai san aron wuri kogi ya ba shi ba.

A ganina maganin jan ruwa yana kan tudu fiye da bakin kogi. Shinge yana da amfani, amma shinge ne ya ɓalle a 2020. Ramukan tassa da manoman Ilela suka shahara da su, da ramukan rabin wata, da jeren duwatsu a kan gangare, da barin kututture ya tofo a gona kamar yadda aka yi a Maraɗi da Damagaram, duk aiki ɗaya suke yi: su tsayar da ɗigon ruwa a inda ya faɗi. Aiki ne mai cin lokaci da ba a yanka masa ƙyalle a gaban kyamara, ga shi kuma babban ɓangaren ƙasar da ke buƙatarsa yana Burkina Faso, a yankin da tsaro ya taɓarɓare.

Kada a manta da ɗaya gefen. A Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, mutane suka ƙetare shi da ƙafa. Bayan nan ne aka gina shinge a Gudel don tare wa birnin ruwan sha. Birni ɗaya, kogi ɗaya, shekara 35 tsakanin ƙishirwa da nutso.

Daga Gaya zuwa Kainji

Ƙasa da Say kogin yana yin lanƙwasa biyu masu siffar harafin W, wanda gandun dajin yankin ya ci sunansa, ya zama iyakar Nijar da Benin har Gaya da Malanbil, yana karɓar Mekuru da Alibori da Sota. Sai ya shiga Najeriya ta Jihar Kebbi, a wajen Lolo da Illo. Nan ne ruwan ƙasar Hausa ke shigarsa. Gulbin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa, da Rima, da Gulbin Maraɗi da ya fita daga ƙasar Katsina ya zaga ta Nijar ya dawo, da Zamfara da Gulbin Ka, duk suna haɗuwa su bi ta ƙasar Kabi su zuba a Kwara. Ruwan da ya sauka a kan rufin gida a Gusau teku zai je. Wanda ya sauka a Kano kuwa Haɗeja zai bi ya nufi Tafkin Cadi. Tudun da ya raba su bai kai a kira shi tsauni ba, matafiyi kan wuce shi a mota bai lura ba.

Ruwan waɗannan gulabe fari-fari ne, kamar an dama farar ƙasa, shi ya sa a Kainji ake kiran cikar damina farin ruwa. A kan wannan jeri na fari da baƙi aka gina lissafin madatsar. An fara aikinta a 1964 aka gama a 1968, daga baya injunanta suka kai 8 masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Farin ruwa yana cika tafkin a Satumba da Oktoba. Kafin ya sauka sosai sai baƙin ruwa ya iso ya riƙe shi har wajen Maris, injuna su ci gaba da juyawa a tsakiyar rani. Madatsar da ke kan kogi mai cika sau ɗaya, irin Shiroro a kan kogin Kaduna, ba ta da wannan gata.

An biya kuɗin wannan wuta da gidajen mutane. Tafkin ya shafe tsohon garin Busa da tsibirin Foge da gungu-gungu da dama, aka tayar da mutane kimanin 44,000. Gungawan Yawuri, waɗanda suka gwanance da noman albasa a kan lakar da ruwa ke bari a tsibirai, aka mayar da su tudu. A ƙasan madatsar, musamman bayan an ƙara ta Jebba a tsakiyar shekarun 1980, fadamun Nupe sun daina samun cika a kan lokacin da suka saba, kifi ya ragu. In kuma tafki ya cika aka buɗe ƙofofi, ruwa kan zo wa ƙauyuka ba shiri.

Hannaye da yawa a kan kogi ɗaya

Baƙin ruwa kafin ya iso Kainji ya bi ta hannun mutane da dama. A Mali akwai madatsar Selinge a kan Sankarani tun 1982, tana riƙe ruwa da damina ta sake shi da rani. Akwai ta Markala da Faransawa suka gama a 1947, wadda ke karkatar da ruwa zuwa gonakin Office du Niger, kimanin hekta 100,000 na shinkafa da rake, kuma ana son faɗaɗa su. Gini ta daɗe da shirin gina ta Fomi a kan Niyandan. Mali na da shirin ta Tawusa a mashigar Tosaye. Nijar ta aza harsashin ta Kandaji kusa da Ayoru a 2008, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, don samar da megawat 130 da ruwan ban gona da kuma hana maimaituwar 1985, aikin dai ya sha tsayawa.

Kowace ƙasa tana da hujja, kuma ban ga laifin mai neman wuta da abinci ba. Damuwata ita ce duk ruwan da aka riƙe a sama da fadamar Masina lokacin cika, yana rage faɗin fadamar, ya rage kifi da burugu, sannan ya sauya girma da lokacin abin da zai iso Yamai da Gaya da Yawuri. Akwai hukumar da aka kafa don irin wannan lissafi, Hukumar Kogin Neja mai mazauni a Yamai, wadda ta samo asali a 1964 aka sabunta ta a 1980, da ƙasashe 9: Gini, Kwaddebuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru da Cadi. Tana auna ruwa tana ba da gargaɗi, amma ba ta da sandar tilasta wa kowa.

Jami'an Najeriya sun sha faɗin cewa ana sayar wa Nijar wuta ne, a wani ɓangare, don kada ta datse kogin a sama da Kainji. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekarar aka katse layin a Agusta, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Mutumin Yamai da ya kwashe watannin nan a duhu, yana kallon ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidansa zuwa injunan Kainji, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin Kandaji ba.

Lakwaja zuwa teku

Bayan Jebba kogin ya karɓi Kaduna a ƙasar Nupe, ya wuce Baro, tashar da aka ja layin dogo daga cikinta zuwa Kano a 1911, ya iso Lakwaja. Daga kan Dutsen Patti ana ganin yadda Binuwai ke shigowa daga gabas, ruwan biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa kowane da launinsa kafin su gauraya. Binuwai ya taso daga tuddan Adamawa a Kamaru, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 ta Garwa da Yola da Makurɗi, kuma da damina ruwan da yake kawowa ya fi na Kwara. Daga nan zuwa ƙasa cika ɗaya ce babba, a Satumba da Oktoba. In ta Binuwai ta haɗu da farin ruwan Kwara a mako ɗaya, sai a wayi gari Lakwaja na cikin ruwa. A 2012 ambaliya ta kashe mutane 363 a Najeriya ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta yanke kwana da kwanaki. Akan ɗora laifin a kan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, kuma sakin ruwanta yana ƙara wa lamarin nauyi. Amma yawancin ruwan daga rassan cikin Najeriya yake fitowa, madatsar Dasin Hausa da aka yi niyyar ginawa a Adamawa don tare shi kuwa ba a gina ta ba.

Kogin ya wuce Ida da Anaca, inda gadar 1965 ta sami abokiya a 2023. Ƙasa da Abo sai ya rabu gida biyu, Nun da Forkados, su ma su yi ta rarrabuwa cikin dazuzzukan da ke tsirowa a ruwan gishiri, inda ruwan sama ke haura milimita 3,000 a shekara, inda kuma aka haƙo man fetur a Oloibiri a 1956. Ta bakuna da dama yake shiga teku, shi ya sa Turawan da suka shekara ɗaruruwa suna ciniki a gaɓar ba su gane cewa bakin Kwara suke tsaye ba.

A watan Maris, lokacin da Binuwai ya janye har tsibiran yashi suka fito a Makurɗi, yawancin ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadar Anaca wanda Kainji da Jebba suka saki ne. A cikinsa akwai ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun watan Agusta, kilomita 240 daga teku, ya kwana cikin burugun Masina, ya ratsa dutsen Tosaye, ya bi ta tafin hannun dattijon nan na Yamai, saura 'yan kwanaki ya ɗanɗani gishiri a Forkados.